Mai Tsaron Ɗigo Kore

Raudatu tana zaune a bencin wani kamfanin sayen masara a Funtuwa, tana jiran ganawar neman aiki. Ta cikin gilashi take hango wani mutum siriri, furfura ta fara cin gemunsa. Ya ɗora rigar sanyi kan kaftani, domin sanyin ɗakin na injuna ne, ba a tambayi jikinsa ba. A gabansa akwai allo cike da ɗigo kore, kowane ɗigo kwamfutar wani reshe ce.

Ɗigon reshen Danja ya koma rawaya. Raudatu ta karanci aikin kwamfuta a makaranta, ta san ma'ajiyar bayanai ce ta kusa cika. In ta cika sikeli zai tsaya, manoma su wuni a rana da buhunansu. Mutumin ya gyara zama, ya yi 'yan rubuce-rubuce, ɗigon ya dawo kore. Bai waiwaya ba, da alama ya daɗe da daina sa ran wani zai lura. Ta ayyana a ranta cewa ko 'ya'yansa ba su san abin da yake yi ba.

Manaja ya leƙo ya ce, "Malama Raudatu, bismillah. Wancan da kike kallo shekara tara yana zaune, ba abin da ya taɓa lalacewa. To me yake tsinana mana? Ƙarshen wata zai tafi. Ke za ki riƙa leƙa allon, ki haɗa da buga takardu."

Ta miƙe ta bi manajan, don tana buƙatar aikin. Da ta zo wucewa ta ƙofar mutumin, sai ya ɗago ya gaishe ta da fara'a. Ta amsa kanta a sunkuye.