Maɓallin Yaya Habu

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyata, a ƙauyenmu na bakin kogi kusa da Sinja, a ƙasar Sudan. Yau na girme ta a shekaru, amma in na buɗe gwangwanin maɓallanta sai in koma yarinyar nan da ake buge wa hannu in ta taɓa shi.

Inna tana da wata al'ada da ban ga kowa da ita ba. Kakanninmu daga ƙasar Sakkwato suka taso za su Makka, hanya ta ajiye su nan, don haka tafiya a jininmu take. To duk ɗan dangi da zai yi nisa, ko Makka ko cirar auduga a Jazira, in ya zo sallama sai ta jawo shi, ta sa reza ta yanke maɓalli ɗaya daga rigarsa. "Tahi hakanan," in ji ta, "ka dawo in ɗumke ma." Manyan maza da gemunsu haka za su fita wuya a buɗe suna gunaguni, ita ko a jikinta. Ranar da mutum ya dawo, kafin ya sha ruwa ta mayar masa da abinsa. Waɗanda suka rage a gwangwanin na waɗanda ba su dawo ba ne.

A cikinsu akwai na ɗanta na fari, Yaya Habu. Ina budurwa ya kama hanyar Bur Sudan zai ƙetare teku. Wani direban lori ya ce ya gan shi a bakin tashar jirgin ruwa. Daga nan shiru, ba saƙo, ba labarin mutuwa.

Wata shekara wani Balarabe mai sayen tsofaffin kaya ya zo daga garin Sinnar, ya ji labarin gwangwanin. Mutumin kirki ne, kuma ya san aikinsa. Ya ɗauki maɓalli ya ƙwanƙwasa a haƙori, ya ce wannan ƙaho ne, wannan ƙashi, wannan tagulla ce ta rigar sojan Turawa. Inna na biye da shi: wannan na Kawu Sani ne, wancan na mijin Ladi. Sun ji daɗin juna ƙwarai. Sai ya ɗago wani fari mai ƙyalli, ya ce ɓawon kifin teku ne, tsoho, irinsa ya yi wuya. Na Yaya Habu ne.

"Ya Hajja, wannan kaɗai ki sayar mini."

"Da mai shi," ta ce. "Yana hanya."

Mutumin ya dube ta, ya ajiye shi a hankali, ya sha shayinsa ya tafi.

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da zamanin nan. Jikokina suna Saudiyya, muna ganin fuskar juna a waya kullum. Na san za ta so wannan, har ta ishe su da kira. Amma rigunansu fa, wasu ko maɓalli babu! Kamar ina jin ta: "Wai mi zan yanka a nan?" Abin da ke ci mini rai shi ne, da wayar nan ta zo da wuri, da wataƙila ba ta mutu da kunne a bakin ƙofa ba.

A ciwonta na ƙarshe ta sa na kawo gwangwanin. Idonta ya tafi, da yatsa ta lalubo farin maɓallin. Ta sa na zura zare a allura, na haɗa su a ƙyalle ɗaya.

"In ya zo ba ni nan, ki ɗumke mai," ta ce. "Kuma kak ki yi mai hwaɗa."

Ba ta bar gona ba, ba ta bar zinariya ba. Abin da ta bar mini shi ne wannan taurin kan na ƙin fid da rai da mutum. Na san lissafi: in Yaya Habu yana raye, yau tsoho ne tukuf, kuma 'ya'yana sun sha gaya mini in haƙura. Na ji su. Amma zare yana ruɓewa in ya daɗe, shi ya sa duk shekara bayan Sallah nake zura sabo.