Malam Sada, Mai Mayar da Suna Ƙasan Takarda

Ƙarfe bakwai na safe Malam Sada yake buɗe ɗakin karatu na makarantarmu a Gwaram. Ya kakkaɓe kantoci, ya zauna, ya jawo hatiminsa. Shekara talatin ke nan, kuma a watan nan zai yi ritaya. Gara in faɗi gaskiya tun yanzu, kishinsa nake yi.

Duk malamin da ya yarda a yi amfani da darasin da ya rubuta, Malam Sada zai buga masa hatimin nan a ƙasa: "Kowa ya kwafa, ya gyara, ya raba, amma a bar sunan mai shi." Daga Sara har Birnin Kudu, da an riƙe takarda sai ka ji, "Allah ya saka wa Malam Sada." Mu da muka yi gumin rubutun fa? Abin yana ci mini rai.

Ni Kamaluddeen, malamin lissafi ne, kuma darasi ɗaya tak na ba shi, wanda a cikinsa nake koyar da rabi da kwata da mudun gero. Tsorona kada sunana ya ɓace. Haka kuwa aka yi. Masu fotokwafi kan yanke ƙasan shafi, inda sunan yake, don biyu su shiga takarda ɗaya, sai ga wani malami a Surko yana nuna wa mai duba makarantu darasina a matsayin nasa.

Ni ina nan ina cika ina batsewa, Malam Sada ya hau babur da takardar asali, sai Surko. Malama Hapsatu, shugabar makarantar can, ita ta ba ni labari. Ta ce bai ɗaga murya ba, cewa ya yi, "Malam, gyaran da ka yi ya ƙara masa kyau, ka sa sunanka. Amma na Malam Kamaluddeen ne a saman naka." Ya zauna ya mayar da sunana da biro, takarda sittin.

Malam Sada, kai ne mai tsare wa mutane guminsu. Na bincika kantocinka kaf, ban ga shafi ɗaya mai sunanka ba, ga shi kowa kai yake ambato. Har gobe ban huce ba, amma na gode, Allah ya saka da alheri.

Malamai 'yan'uwana, ku kwafa, ku raba, ku dubi ƙasan takarda kamar yadda yake dubawa. Ni dai sunan da na yi ta tsoron rasawa, a hannun wanda nake kishi ya tsira.