Ranar da Muka Fasa Dilar Safar Dambe

Da girmana na fara damben boksin, ina da mata da yara, ina aiki a wani kamfanin jima a Challawa. Aikina a can tantance fata ne. Idan an gama jima an busar, sai a shimfiɗo mini, in shafa, in ja, in ɗaga ta sama in duba a haske, sannan in ce wannan ta kai a fita da ita waje, waccan kuwa sai dai takalmin gida. Ba sha'awa ce ta kai ni dambe ba, tumbi ne. Likita ya ce jinina ya fara hawa, in nemi abin da zai riƙa sa ni gumi.

Wanda ya ja ni wani abokina ne ɗan Damagaram, da ya daɗe yana aiki a kamfanin katifa a Sharaɗa. Shi ya kai ni wani tsohon sito a Bompai, inda wani tsohon soja yake koya wa ma'aikata dambe bayan la'asar. Kowa Koci yake ce masa. Gajere ne, kansa fari fat, ba ya ɗaga murya, amma idan ya ce a yi tsalle ba mai tsayawa tambaya.

Komai na wurin ya yi mini, ban da safar dambe. 'Yan kaɗan ne, kuma duk sun ga duniya. Wata an naɗe ta da salatif, wata soso ya leƙo ta gefe. Idan layi ya zo kanka, sai wanda ya gama ya zare ya miƙo maka, ka zura hannu cikin gumin mutum mai ɗumi. Ni da na saba da warin majema, sai da na kau da kai ranar farko.

Wata Asabar ina cin abincin rana a bakin kamfani, sai ga wayar abokina. Ko sallama bai gama ba.

"Kana ina? Dila guda! Wallahi dila guda, duk safar dambe!"

Da ƙyar na gane zancen. Ashe surukin wani da muke atisaye tare ɗan kasuwa ne mai shigo da gwanjo, yana da sito a Dakata. A cikin kayan da aka sauke masa an samu dila ɗaya ta kayan dambe, shi kuwa bai san kansu ba. Ya ce mu zo mu fara zaɓa kafin ya kai kasuwa. Yinin nan ban san yadda na ƙarasa aiki ba. Fatar akuya nake dubawa, amma jan safa nake gani.

Washegari da hantsi muka haɗu a Dakata. Manyan motoci sun cushe layin, sai da muka ajiye babura nesa muka ratsa tsakanin tireloli a ƙafa. Koci ya riga kowa zuwa, yana zaune kan benci da carbinsa, kamar ba abin da ya dame shi. Amma na lura ya sa tsohuwar rigar atisayensa ta soja, wadda ba ya sawa sai ranar da wani abu zai faru.

Alhajin mai kayan ya sa aka mirgino dilar tsakiyar sito. Da aka datse ƙarfen da ya ɗaure ta, sai ta yi wani numfashi ta buɗe, safa suka zubo har kan ƙafafunmu. Ja, baƙa, shuɗiya, fara, mai ruwan zinare, ƙanana na yara, manya kamar tulu. Magidanta da gemu muka durƙusa muna ihu kamar an watsa mana alewa. Sai kuma muka gane ashe a warwatse suke, ba a haɗa hagu da dama ba.

"Wa ke da hagun wannan?"

"Ga wata shuɗiya nan, amma ta fi taka girma!"

"Kai, miƙo mini waccan, matar tawa ce!"

Abokina shi ne masanin sunaye a cikinmu. Duk wasan da aka yi a duniya sai ya kalla a waya, ya san kamfanin da kowane zakara yake sawa. Can sai ya yi tsalle ya miƙe da wata fara mai rubutun zinare, yana ɗaga ta sama da hannu biyu.

"Kun san wannan? Ita manya ke sawa ranar karɓar kambu! Ni dai na gama zaɓe."

Na ce ya ba ni in gani. Tana zuwa hannuna na kai ta hanci. Ba ƙanshin fata, sai warin sabon bokiti. Na danna ta da babban yatsa. Fata ta gaskiya idan ka danna ta, sai ƙananan layuka su taru kewaye da yatsanka kamar gefen idon tsoho in yana dariya. Wannan kuwa lotsawa kawai ta yi, sumul. Na juya bakin hannun na nemo inda aka yanke, sai ga yadi manne a bayanta.

Na ce, "Mutumina, wannan leda ce, ba fata ba."

"Haba dai! Dubi sunan fa."

Ya karɓe yana nuna mini rubutun da yatsa, harafi bayan harafi, sai na ga ya tsaya. Ya ciro waya ya duba, ya sake duban safar. Sai ya fashe da dariya har yana dafa ni. An sauya harafi ɗaya a tsakiyar sunan. Takardar da ke ciki kuma ta ce a ƙasa kaza aka yi ta, da aka tono ɗaya hannun, tata takardar ta ce wata ƙasar daban.

"'Yan biyu ne, amma kowa da garin da aka haife shi," in ji shi. Ya jefa ta gefe, ya sake nutsewa cikin tarin.

Ni kuma ina tonawa sai hannuna ya taɓa wata, tun ban gan ta ba na san na samu. Na jawo ta. Ja ce mai duhu kamar zoɓo, mai igiya irin ta da, tambarinta ya goge saura inuwa. Fatar saniya ce, an jeme ta da haƙuri, ta sha mai ta yi laushi ba ta saki ba. Na ɗiga mata ruwa daga gorar da ke hannuna, ɗigon ya ɗan tsaya, sannan ya shige ya bar duhu. Ɗinkin kuwa layi biyu ne, ƙanana, a jere, ba zare ko ɗaya da ya tashi. Na yi ta haƙilo har na samo 'yar'uwarta a ƙasan tarin. Na kai wa Koci da hannu biyu.

"Koci, ku duba wannan. Na rantse ba ta biyunta a dilar nan."

Ya juya ta, ya duba cikin bakin hannun, ya gyaɗa kai. "Ƙirar Meksiko ce. Ka iya zaɓen fata. Sa ta."

Na sa, ya ja mini igiyar. Ya nuna mini wani buhun masara da ke jingine da bango, ya ce in kai masa ɗaya, kada in ji tausayi. Na kai. Zafin da ya ratsa gaɓoɓin yatsuna har gwiwar hannu na ji shi. Kamar da hannu tsirara na daki buhun.

"Ka ji ko?" in ji Koci. "Rigar tana da kyau, amma mai rigar ya rasu."

Nan ya zauna ya shiga nuna mana nasa hanyoyin, muka kewaye shi. Ya ce farko ka zura hannu ka dunƙule. Idan sai ka yi kokawa kafin ka dunƙule, ajiye ta, za ta gajiyar da kai kafin abokin karawarka ya gajiyar da kai. Babban yatsa ya kwanta a jikin dunƙulen, kuma a ɗinke shi da jikin safar, don kada ya karye ko ya tsone wa wani ido. Ya kama wuyan wata safa ya lanƙwasa, ta tafi kamar lagwani. Ya ce wannan ita ke kai mutum wurin mai ɗori. Ya ɗauki wasu biyu da aka rubuta nauyinsu ɗaya, ya auna a tafukansa, ya ce ƙarya ne. Aka kawo sikelin Alhaji, sai ga shi kuwa ɗaya ta fi ɗaya.

Da aka tambaye shi wace ƙasa ta fi, sai ya ce kowacce da halinta. Ta Meksiko siririya ce, ta masu son naushinsu ya isa inda aka aike shi. Ta Japan kamar matashin kai take, ita ce mai tausayin hannu da fuskar abokin atisaye. Ta Tailan tafinta a sake yake, don su a dambensu har riƙo ake yi. Ta Fakistan kuwa ya ce a nan ake shan mamaki, don za ka samu wadda ba ta kai mako, ka kuma samu wadda ba ta da suna amma ta fi mai suna.

Abokina yana gefe yana wani abu da ya ba mu dariya da farko. Sai ya ɗauki safa ya kara a kunne, ya matsa a hankali, kamar mai sauraron rediyo.

"Me kake ji, labaran duniya?" wani ya tambaye shi.

"Ku yi shiru. Soson da ya mutu ƙara yake, kamar ana murza ƙuli-ƙuli. Mai rai ba ya magana."

Ya miƙo mini jar tawa na kara a kunne. Ƙurus, ƙurus. Ya ba ni wata baƙa marar kyan gani, na matsa, shiru, kuma ina sakin ta ta dawo yadda take. Shekarunsa yana yanka soso a Sharaɗa, bai taɓa kawo wa ransa zai yi masa amfani a dambe ba, shi da kullum sunaye yake bi.

Daga nan aiki ya tsaru da kansa. Safa ta fara zuwa hannuna in duba fata da ɗinki, in miƙa wa abokina ya saurari soso, shi kuma ya miƙa wa Koci ya sa hannu ya yanke hukunci. Idan ta tsallake mu ukun sai a yi shewa a jefa ta cikin buhu. Akwai wadda ta zo leda ce, na taɓe baki, amma sosonta lafiya lau, wuyanta da ƙarfi; Koci ya ce a sa ta, ta yi dukan buhu, kuma ba ta jin tsoron gumi. Haka muka yi ta yi har aka kira azahar, riguna sun jiƙe, ba wanda ya tuna da yunwa. Alhajin ma ya bar waya ya zo ya tsuguna yana kara safa a kunne.

Jar nan dai na kasa barin ta. Na tafi da ita gida na shafe ta da mai, na ɗora kan durowa. Maiɗakina ta ce, "To, ita wannan ado ce ko me?" Na ce mara lafiya ce, jinya take.

Abokina ne ya kawo shawarar a yi mata tiyata. Akwai wani baduku a Na'ibawa da ke gyaran ƙwallo da kujerun mota, muka kai masa Lahadin da ta biyo baya, Koci ma ya biyo mu. Dattijon ya daɗe yana shafa ta kafin ya sa wuƙa, ya ce wanda ya ɗinka wannan ya san Allah. Ya bi tsohon ɗinkin a hankali yana warwarewa. Da ya buɗe, sai garin soso ya zubo kamar garin kwaki, a bayansa kuma ga wani baƙin abu a cure.

Koci ya miƙe tsaye. "Gashin doki! Wallahi gashin doki ne! Irin wadda muka fara da ita ke nan a bariki." Ya ɗebo yana murzawa a yatsu yana nuna wa kowa, har masu wucewa.

Abokina ya zo da ragowar yankan soso da ogansa ya bar masa, kala-kala, wani mai tauri wani mai laushi. Ya tsara su hawa-hawa, mai tauri a ciki kusa da yatsu, mai laushi a waje. Gwajin farko zumuɗi ya sa muka cusa da yawa. Da baduku ya ɗinke, sai ta fito kamar kabewa, na sa hannu na kasa dunƙulewa, yatsuna a miƙe kamar mai gaisuwa. Muka yi dariya har dattijon ya ajiye basilla yana share hawaye. Aka sake farkewa, aka rage, aka fere gefuna, Koci ya nace a mayar da ɗan gashin dokin a saman gaɓoɓi. Wannan karon da na zura hannu, sai ta rufe da kanta.

Ranar Litinin ana tashi daga aiki na hau babur, daga Challawa har Bompai ban tsaya gaisawa da kowa ba. Na tarar labari ya riga ni, duk an taru. Koci ya ɗaure mini igiya, ya sa faifan tarbar naushi a hannuwansa, ya ce, "Bismilla. Hagu, dama."

Na saki hagu, na bi da dama. Tas! Tas! Ƙarar ta daki rufin kwano ta dawo. Masu tsallen igiya suka tsaya. Hannuna kuwa lafiya lau, ko ɗis ban ji ba, sai wani daɗi da ya bi ta kafaɗa. Na ƙara, na ƙara, har numfashi ya gagare ni, ina haki ina dariya. Abokina yana ta zagaye mu yana faɗa wa kowa, "Sosona ne a ciki! Sosona ne!"

Nan take aka yi layi, kowa yana so ya ɗana. Sai Koci ya zare faifan ya ajiye, ya miƙo mini hannuwansa biyu.

"Cire. Ɗaura mini."

Tunda nake zuwa wurin ban taɓa ganin ya daki buhu ba, kullum da baki da nuni yake koyarwa. Na ɗaura masa. Ya taka zuwa babban buhun da ke rataye a tsakiya, ya ɗan sunkuyar da kai, ya gyara tsayuwa. Sai muka ga dattijon nan ya koma wani mutum daban. Ƙafafunsa suna zamewa a kan siminti, naushi yana fita uku-uku, huɗu-huɗu, buhun yana lanƙwashewa a tsakiya, sarƙar tana kuka. Sito ya kaure da ihu, har masu gadin kamfanin da ke maƙwabtaka suka leƙo ta taga.

Da ya tsaya, gumi na zuba daga farin kansa, ya dubi safar, ya dube mu.

"Akwai wata shuɗiya mai igiya da muka bari a Dakata," ya ce yana haki. "Gobe wani ya je ya ɗauko ta kafin Alhaji ya kai kasuwa."