Sunan da Na Goge Kafin Tafiya Misau

Ni ne da laifi, ba Istifanus ba. Na fara da wannan don waɗanda suka tsinci labarin a bakin wasu su san inda gaskiya take.

Istifanus yana da shagon gyaran rediyo da lasifika a Wunti, cikin garin Bauchi, shi ya koya mini aikin sauti. Akwai wata manhaja ta kwamfuta da yake aiki da ita: ana jera ƙananan akwatuna a allo, a haɗa su da layi kamar mai haɗa wayar wuta, sauti ya shiga ta sama ya fita ta ƙasa. Da ita ya ƙera abin da ke tace ƙarar tsofaffin kaset. Wasu akwatunan ba su zo da manhajar ba, ƙari ne, ya tara su a folda guda mai suna Kayan Istifanus. Da Alhaji Bappa na Misau ya nemi a kwashe karatun marigayi mahaifinsa daga kaset, ya kuma ce kaset ɗin ba za su bar gidan ba, sai Istifanus ya ba ni kwamfutarsa ya ce in je. Ana gobe tafiya na mayar da sunan foldar Kayan Sabo, wato sunana, na cusa ta cikin wata foldar. Na ce wa raina gyara nake yi. Gaskiyar kuwa, so nake a ce ni na ƙera, kuma ban so a ga sunan Kirista a allo a gidan malamai.

Talata: Bauchi zuwa Misau

Na bar gida a Gwallaga ƙarfe shida saura kwata, gari bai waye ba. Keke ya sauke ni a tasha a kan naira ɗari uku. Mota ba ta cika ba sai bakwai saura minti goma, kujera dubu biyar. Direba ya miƙo hannu zai jefa jakata a but, na hana.

"Malam, jaririya ce a ciki?"

"Ta fi jaririya tsada," na ce, na rungume ta a cinya.

Kafin Soro muka iske shinge. Jami'in ya sa na buɗe jakar, ya dubi kwamfutar ya ce, "Ta wa ce?" Na ce tawa ce. Ba abin da zai same ni da na ce ta maigidana ce, amma bakina ya riga ya saba tun jiya.

Mun tsaya Darazo tara saura, na sha shayi da masa biyar. A Kari muka saki babban titi muka yi hagu. Goma da rabi muna Misau, tafiyar wajen kilomita ɗari da hamsin.

Zauren Alhaji Bappa

Alhaji dattijo ne mai magana a hankali. Ya shimfiɗa mini darduma a zaure, aka kawo fura, sannan ya fito da kwalin kaset goma sha huɗu naɗe da tsohon rawani. Ƙannensa biyu suka zauna kallo. Ya ce shekara ashirin ke nan ba su ji muryar mahaifinsu ba sai ta cikin ƙara.

Na haɗa rikoda da kwamfuta, na buɗe aikin. Akwatuna bakwai suka fito da gefe a tsinke, layukan da ke shiga cikinsu sun ɓace, jan rubutu ya cika gefen allo. Na rufe na buɗe sau uku. Na kira Istifanus, na kuma buɗe muryar wayar don kowa ya ji ba ni ne na gaza ba.

"Oga, rabin aiki ka ba ni? Ka riƙe sauran a shago don in zo in ji kunya a gaban mutane?"

Ya ce, "Malam Sabo, ka sauka lafiya?"

"Ba gaisuwa na kira yi ba."

"To. Shiga wurin saiti, akwai jerin hanyoyin da manhajar ke bi ta nemo akwatunan ƙari. Ita ba ta yawon nema, inda aka rubuta mata kaɗai take zuwa. Karanto mini layin ƙarshe."

Na buɗe. Layin ya ƙare da sunansa, yana nuna wurin da foldar take kafin in taɓa ta. Nan take na gane. Manhajar ta je ƙofar da aka kwatanta mata, ta tarar na kwashe kayan na kuma sauya sunan gidan.

"Kana ji na?" in ji shi.

Na kashe wayar na ce sabis ne ya ɗauke. Na juya allon gefe, na ƙara sabuwar hanyar a jerin, na rufe manhajar na sake buɗewa. Akwatunan bakwai suka dawo cif. Alhaji ya tambaya me ya faru, na ce Istifanus ne ya turo abin da ya riƙe.

"Allah ya kyauta," in ji Alhaji. "Mutumin nan naka ba shi da amana. Ka rabu da shi."

Na sa kaset na farko.

Da muryar marigayin ta fito tas, ƙaramin ƙanen ya rufe fuska da hula. Muka yi kaset takwas kafin magariba. An sauke ni a ɗakin baƙi, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, na ci loma uku na ture.

Laraba: komawa

Na gama sauran shidan ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. Kaset na ƙarshe marigayin yana bayani ne a kan rabon gado, ba abin da ya shafe ni, amma na zauna ina jin mutumin da ya yi shekara ashirin a kabari yana magana garau saboda aikin wanda na ɓata wa suna. Da Alhaji ya rako ni bakin titi yana sa mini albarka, na tsaya na faɗa masa komai, har da dalilin sauya sunan.

"Ni ka sa na zagi bawan Allah a zauren mahaifina," ya ce. "Ba ni lambarsa." Na ba shi. Bai ƙara miƙo mini hannu ba.

Mota ta tashi ɗaya da minti ashirin. Taya ta yi faci bayan Darazo, muka ɓata minti arba'in a gindin wata tsamiya. A nan na buɗe kwamfutar, na mayar da foldar mazauninta da sunanta, na goge hanyar da na ƙara. Mun shiga Bauchi biyar saura. Alhamdu lillahi, ba abin da ya sami kayan.

Wunti

Ban biya gida ba. Na iske Istifanus yana liƙe wayar wata lasifika, tela maƙwabcinsa da wasu mutum biyu suna zaune a benci. Ya karɓi jakar bai buɗe ba.

"Alhajin Misau ya kira ni," ya ce. "Laifina ne ma. Da na ajiye foldar kusa da fayil ɗin aikin, na rubuta hanyar a cikin aikin kansa, duk inda aka kai su tare za su tafi. Gobe in nuna maka."

Da wannan magana ƙofa ya buɗe mini in fita ba kunya. Na ce wa mutanen benci kada su tashi, domin a gaban mutane na yi laifin, sannan na durƙusa a bakin shagon.

"Oga, ba wurin ajiya ba ne ya jawo. Ni na goge sunanka don a ce aikina ne, kuma don ina jin kunyar sunanka a gidan malamai. Na ce ka ci amana alhali ni na ci. Shekara shida ina ci a hannunka. Ka yafe mini."