Biyu da Ɗaya, Yaya Ɗanjuma

Bana shekara biyar ke nan da muka binne yayana Ɗanjuma a Kuyello, cikin azumin shekarar korona, kuma har yau akwai maganar da take hana ni sukuni.

Gidan kallo gare shi a Birnin Gwari. Wata safiya yana juya tasha ya ci karo da wasu ƙarti a Ostireliya suna gudu rungume da ƙwallo mai kama da gwanda. Zari-ruga ake kiran wasan. Tun daga ranar ya zaɓi masu jar riga suka zama nasa. Da hantsi ake nuna su, lokacin da kowa yana gona ko kasuwa, don haka shi kaɗai yake zama bisa benci da kofin shayi. Ni ban taɓa tsayawa na kalla ba.

Da annoba ta zo aka rufe gidan kallon, can ma aka dakatar da wasanni. Sai zazzaɓi ya kwantar da shi, muka kai shi wurin Inna a ƙauyenmu Kuyello, inda waya ba ta kamawa. Duk Juma'a nakan je dubiya a babur, kuma bayan gaisuwa tambayarsa ɗaya ce, ko an buga. Sau biyu ina ce masa an ɗage, yana juya fuska bango. A na uku na ga yadda ya rame, sai na ce an buga, nasa sun ci.

"Da nawa, Auta?"

"Biyu da ɗaya."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi murmushi ya ce madalla. Kwana huɗu bayan nan ya rasu.

Ƙarya ce na yi, da azumi a bakina, ga mutumin da ba zan ƙara samun damar neman gafararsa ba. Na tambayi malamai biyu, duk suka ce Allah na duba niyya. Zuciyata ba ta kwanta ba. Nakan yi mafarkinsa yana tafe a bakin daji cikin jar riga, shanun Fulani na ratsa tsakaninmu, ina kira ba ya waiwayowa.

Yanzu kowa a tafin hannunsa yake kallon wasa, cikin waya. Da yana nan, ina jin da ya riƙa tare mutane a tashar mota yana nuna musu ƙartinsa. A damunar bara na daure na kalli wasan a waya har ƙarshe. Aka tashi talatin da wani abu da ashirin da wani abu. Na kalli wani, haka. Ashe hurhuɗu ake lissafa cinsu, ba ɗaya-ɗaya irin na ƙwallon ƙafa ba.

Wato tun ban rufe baki ba ya gane. Yana kwance yana jin jiki, ya dubi ƙanensa mai tsoro, ya bar ni na koma gida ina zaton na faranta masa. Allah ya jiƙan ka, Yaya. Ashe ni aka je dubawa ranar.