Ranar da Teku ta Rufe Mana Hanya a Scotland

Mun tashi daga unguwarmu ta Waziriyya a Jidda ana fitowa daga sallar asuba, ni da Hajiya uwargidana, gumi ya riga ya jiƙa mini riga tun kafin mu kai filin jirgi. Ɗiyarmu ta fari ce ta gama karatun harhaɗa magunguna a Aberdeen ta ƙasar Scotland, muka ce lallai sai mun je mun gani da idonmu. Wata biyu na yi ina bin kafilina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, kafin ya ba ni izinin fita da dawowa. Ita kuwa Hajiya wata biyun ta yi tana ɗura kaya a akwati, har da rigunan sanyi da ta sayo a kasuwar Balad. Na yi ta yi mata dariya don a watan Yuli muke. Ko awa ɗaya ban yi da sauka ba na roƙi guda.

Bikin yaye ɗaliban ya yi kyau, Hajiya ta sha kukan murna, ni ma na share nawa a ɓoye. Washegari yarinyar ta yi hayar mota ta ce za ta kai mu wani ɗan garin masunta mu kwana, tunda ta san ubanta da kifi. Shekara ashirin da huɗu ke nan ina gyaran ɗakunan sanyi a kasuwar kifi ta Jidda, kuma a Yawuri aka haife ni, a bakin kogi. Duk inda ake zancen ruwa sai na tsoma baki.

Hanyar siririya ce, ga shi hannun hagu suke bi, duk motar da ta tunkaro sai na taka birkin da babu shi a gabana. Ko'ina kore shar, tumaki fal, an shafa wa kowace fenti a gadon baya don mai ita ya gane abarsa. Garin kansa bai kai rabin unguwarmu ba. Gidajen na dutse ne ruwan toka, masu ƙananan tagogi, sun jeru a gangare har bakin tashar jiragen ruwa. Duk wanda muka haɗu da shi sai ya gaishe mu ya ce yau gari ya yi daɗi, alhali iska na neman cire mini hula.

Muka ci soyayyen kifi da dankali a takarda, bayan yarinyar ta tabbatar da man gyaɗa ko irinsa aka soya, kuma babu giya a ƙullin. Kuɗinsa zai ciyar da gidana kwana biyu a Jidda, amma gaskiya kifin ya amsa sunansa, fari tas, yana ɓarewa sala-sala. Wani ƙaton tsuntsun teku ya fizge rabin na Hajiya daga hannunta, ta bi shi da kallo ta ce ta yafe.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne tashar. Babu ruwa a cikinta. Jiragen kamun kifi duk sun kwanta a kan laka, wasu sun karkata gefe guda. Na ce wa Hajiya ai rani suke ciki, haka kogi ke yi a garinmu, ya janye sai damina ta kawo shi. A Jidda kuma inda ka bar teku da safe nan za ka same ta da yamma. A jikin bangon tashar akwai wata takarda cikin gilashi cike da lambobi, kamar jadawalin lokutan sallah a masallaci. Na ga kowa ya zo wucewa sai ya leƙa ta. Na ɗauka lokutan tashin jirage ne, na wuce abina.

Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, zaman mota kuma ya tayar mata da shi. Yarinyar ta ce za ta je ta karɓo makullin masauki ta nemo maganin shafawa. "Abba, ku zauna a nan, halas, magana ta ƙare, kada ku yi nisa." Tana ba da baya na duba agogo na ga azahar ta yi. Ba na son shimfiɗa darduma a idon jama'a, sai na hango wani tudun duwatsu a can gaba, yashi a shimfiɗe daga bakin gari har gindinsa. Hajiya ta ce ba a ce mu zauna ba? Na ce mata ni da na tashi a ruwa za a koya wa ruwa? Ta biyo ni tana ɗingishi.

Muka yi sallah a bayan tudun, inda iska ba ta kai, muka haɗa da la'asar tunda matafiya ne. Wurin ya yi mana daɗi, muka zauna muna cin dabino muna hirar lokacin da yarinyar ke rarrafe a ɗakinmu na farko a unguwar Nuzla ta Jidda. Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Da muka zagayo, yashin da muka tako babu shi. Ruwa ne ke gudu a wurin kamar an buɗe dam, kuma yana hawa duwatsun da muke kai. Na tsoma ƙafa in gwada zurfinsa, sanyin ya harbe ni har ƙwaƙwalwa, ruwan ya kai mini cinya tun a taku na uku. Ni kaɗai wataƙila da na yi kasada. Hajiya ba ta iya iyo ba, ga gwiwa. Na kama ta muka hau sama, na duba na ga har can kusa da ƙoli duwatsun a jiƙe suke da gansakuka, wato ruwan yana kaiwa nan. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ita ko kalmar zargi ɗaya ba ta yi mini ba, hannuna kawai ta riƙe tana salati, wannan ya fi zagi ciwo.

Can muka ji ƙarar inji. Wani tsoho ne cikin rigar leda ruwan ɗorawa, a ɗan kwale-kwalensa mai cike da gurar kama ƙaguwa, ɗiyarmu a zaune a gaba fuska duk hawaye. Ya raɓo da jirgin jikin dutse, ya cire hularsa ta ulu ya shimfiɗa a bakin jirgin don kada Hajiya ta zame, ya kau da kai har muka ɗora ta.

A rumfarsa ya haɗa mana shayi mai zafi. Turancinsa ya fi ƙarfin kunnena, yarinyar ce ke fassara. Ashe tun daga tagar gidansa ya hango mu muna tsallakawa, ya fito ya yi ta kira, iska ta kwashe muryar. Sai ya bar abincinsa ya zo ya zauna cikin jirgi a kan laka, yana jiran ruwan da zai ɗaga shi, tun kafin ɗiyarmu ta san abin da ake ciki. Ya kai ni gaban takardar nan ya nuna mini da yatsa: sau biyu a kowace rana ruwan ke tafiya ya dawo, kuma kowace rana lokacin na matsawa. Na sunkuyar da kai na ce masa laifina ne. Ya ce, "Shekara sittin ina shiga ruwan nan, kuma ko yau da safe sai da na duba ta." Muka juye masa sauran dabinon, ya karɓa da hannu biyu ya ce matarsa za ta ji daɗi.

Bayan kwana huɗu muka sauka Jidda, zafi ya rungume mu tun daga ƙofar jirgi, na ji daɗinsa a karon farko. Abin da na koyo ba shi da yawa: sanin ruwan garinku ba sanin ruwan garin wasu ba ne, kuma idan ka ga 'yan gari suna tsayawa suna duba abu, tsaya ka tambaya. Na gode wa Allah da ya sa wani bawansa ya leƙa taga.

Ranar Juma'a Hajiya ta ce in kai ta Makka ta yi umara. Muna cikin ɗawafi ina tura ta a keke, ta juyo ta ce, "Alhaji, mene ne ma sunan tsohon nan?" Sai a lokacin na gane babu wanda ya tambaye shi a cikinmu. Ta ɗaga hannu ta ce, "Ya Allah, Kai ka san shi."