Abu Muntazar da Kujerar da Ke Gefensa

Kullum da sassafe Abu Muntazar yakan ɗaure na'urarsa ta gano guba a bayan keke, ya rataya gwangwanin jan fenti, ya nufi bayan garin Zubair inda tankokin yaƙi suke yashe tun kafin a haife ni. Harsashin uraniyom ne ya huda su, ƙurarsa mai guba ta zauna a jikin ƙarfen. Duk tankar da na'urar ta yi wa kuka sai ya shafa mata ja don a guje ta. Shekara ashirin da biyu, shi kaɗai.

Mu da muka bar makaranta muka kama yankan ƙarfen tankokin muna sayarwa ba ma son ganinsa.

"Baffa, ka zo da tsuntsuwarka mai kukan mutuwa?"

"Na zo. Ɗaure hancinka, ɗana, huhunka ba ƙarfe ba ne."

A gidan shayi ba mai zama a kujerar da ke gefensa. Gidan da ya shiga da na'ura, washegari sai maƙwabta su daina cin abincin gidan.

Ni na yanko wa mahaifiyata faifan ƙarfe mai kauri daga jikin wata tanka, ta shekara tana gasa gurasa a kai. Wata rana ya gan shi jingine a ƙofarmu, ya kara na'urar, ta ɗau kuka.

Ya ce wa mahaifiyata, "Ummu Karrar, ba ni wannan."

"Kai dai ba ka zuwa da alheri! A kan sanƙonka zan yi gurasar?"

Ya dubi yayata Batul da tsohon cikinta, ya ce, "Don wanda ke tafe." Ya naɗe faifan a buhu, washegari ya aiko da sabo. Ya san wanda ya yanko. Ko kallona bai yi ba.

Kai ne, Baffa, ka ɗauki baƙin jini don ka raba mu da guba, ka kuma rufa mini asiri.

Watan nan gwiwa ta hana shi keke, ya ajiye aiki. Ba wanda ya zo yi masa bankwana. Mahaifiyata ta ba ni gurasa mai zafi: "Kai masa. Kada ka ce na huce." Na same shi yana cin abinci shi kaɗai. Ya kara na'urar a kan gurasar, ta yi shiru. Ya yi dariya, ya ce, "Zauna mana."

Mun gode, Baffa, Allah ya saka. Mutanen Zubair, fentin ya soma koɗewa, a samu mai sabunta shi. Kujerar nan ta gefensa kuma, a zauna.